Tsohuwar Zuma da Ƙudan da ke Cikinta

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a zamanin akwatin talabijin yana ɗauke da wata taska a kansa wadda bai san ranar da ya tara ta ba, wato kaɗe-kaɗe da waƙoƙin taken shirye-shirye. Mutum zai iya manta sunan malamin da ya koya masa lissafi a aji uku, ya manta lambar gidan da aka haife shi, amma da zarar an saki kiɗan taken wani shiri da rabonsa da shi shekara 30 ko 40, sai ka ji bakinsa ya kama tun kafin hankalinsa ya gane abin da ake ciki. Ga waɗanda suka kalli tashoshin NTA, ko CTV ta Kano daga farkon shekarun 1980, wannan taska ta ƙunshi taken Samanja Mazan Fama, da waƙar da Bongos Ikwue ya yi wa Cock Crow at Dawn, da kiɗan Tales by Moonlight, sannan ga na ƙetare irin su Tom da Jerry da Mind Your Language.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. To, amma yaya ke nan idan mutum ya buɗe tulunsa na tsohuwar zuma, ya tarar akwai ƙuda a ciki, ƙudan da ya daɗe a nan tun ranar da aka zuba ta? Wasu daga cikin shirye-shiryen da yaran duniya suka tashi da su, musamman na Amurka da Ingila, suna ɗauke da hotuna na wulaƙanta baƙar fata da sauran al'ummu. Tambayar da wannan maƙala za ta bi diddigi ita ce: shin ya dace mutum ya ci gaba da begen waƙar da ya so yana yaro bayan ya gane abin da ke liƙe da ita? Kuma idan ya dace, mene ne haƙƙin da wannan ganewa ta ɗora masa?

Me muke bege?

Kafin a yanke wa bege hukunci, ya kamata a san abin da ake begen. Kiɗan take gajere ne, ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, kuma ana maimaita shi a rana ɗaya, a lokaci ɗaya, mako bayan mako. A wancan zamani tashoshi ba sa buɗewa sai da la'asar, kuma talabijin ɗaya ce ke ɗaukar yaran layi guda, wasu a kan tabarma, wasu ta taga. Saboda haka kiɗan ya cuɗanya da ƙamshin girkin yamma, da muryar uwa tana kira, da fuskar aboki wanda watakila yau ba ya duniya. Idan magidanci ya ji kiɗan ƙirjinsa ya yi nauyi, yawanci gidan nan yake tunawa da mutanen da ke cikinsa. Kyanwa da ɓera na cikin akwati dalili ne kawai.

Wannan ne ya sa mutane ke fusata idan aka ce musu shirin da suka so yana da aibi. Sukan ji kamar iyayensu aka zaga, ko an ce ƙuruciyarsu ƙazanta ce. Duk wanda zai yi magana a kan wannan batu ba tare da ya fahimci wannan ciwo ba, to, zai yi ta zuba ne babu mai sauraro.

Ƙudan da ke ciki

Abin ya samo asali tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Wajajen 1830 wani Ba'amurke farar fata mai suna Thomas Rice ya shahara da shafa baƙin gawayi a fuska, ya sa tsumma, ya hau dandali yana rawa da waƙa da gurɓataccen Turanci, wai yana kwaikwayon bawa. Sunan da ya ba wannan hali shi ne Jim Crow, kuma sunan ya bi dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka har zuwa lokacin da aka rushe su a 1964 da 1965. Irin wannan wasa ya zama nishaɗin da ya fi kowane farin jini a ƙasar na tsawon shekaru masu yawa, kuma daga gare shi ne silima da katun suka gaji kamannin baƙin mutum mai zazzare ido, mai kaurin leɓe, malalaci, matsoraci, wanda ba ya rabo da washe baki.

A ɗauki Tom da Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, suka yi guda 114 kafin 1958. A cikin 19 daga ciki akwai wata baƙar mace mai ƙiba da aka fi sani da Mammy Two Shoes. Ƙafafunta da silifas da tsintsiya aka fi gani, fuskarta kuwa sau ɗaya ta taɓa bayyana, shi ma na ƙiftawar ido. An ɗauko ta ne daga tsohon hoton kuyangar gidan Bature wadda ba ta da wata rayuwa sai hidimar gida. Ta daina fitowa a 1952.

A Ingila, BBC ta nuna The Black and White Minstrel Show daga 1958 har zuwa 1978. Maza farar fata ne ke shafa baƙi a fuska, su zagaye baki da ido da fari, suna rera waƙoƙin kudancin Amurka. Shirin ya ci babbar lambar yabo a Montreux ta ƙasar Suwizalan a 1961, kuma a 1964 masu kallonsa sun haura miliyan 20. Miliyoyin Turawan Ingila da ke da jikoki a yau sun ji waƙoƙin nan ne suna zaune a cinyar iyayensu.

Kamfanin Disney ya fitar da Song of the South a 1946. Waƙar fim ɗin ta ci lambar Oscar, kuma kamfanin ya yi ta amfani da ita a shirye-shiryensa na talabijin har ta zama kamar tambarinsa. Amma fim ɗin ya nuna baƙaƙen ma'aikatan gandun kudancin Amurka cikin annashuwa da waƙa, kamar ba su da wata damuwa a duniya sai farin cikin ɗan maigida.

Misali na ƙarshe shi ne The Dukes of Hazzard, wanda aka nuna a Amurka daga 1979 zuwa 1985. Waƙar takensa, wadda Waylon Jennings ya rera, ba ta zagi kowa ba. Sai dai yayin da take tashi, abin da ido ke gani shi ne wata mota mai suna Janar Lee tana tsalle, a rufinta an zana tutar yaƙi ta jihohin kudu, waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 don kada a 'yanta bayi kusan miliyan 4. A ranar 17 ga Yuni, 2015, wani matashi farar fata da ya sha ɗaukar hoto da wannan tuta ya shiga wata majami'ar baƙar fata a birnin Charleston ya kashe mutum 9. Bayan 'yan makonni tashar TV Land ta daina maimaita shirin.

Yadda yaro ke haɗiye shi

Wani zai ce ai yaro bai san Jim Crow ba, bai san tutar kudu ba, kyanwa da ɓera kawai yake kallo. Gaskiya ne bai sani ba, amma rashin sanin ne ya bar ƙofar a buɗe. Aikin kiɗa a fim shi ne ya gaya wa zuciya ɓangaren da za ta bi tun kafin ƙwaƙwalwa ta yi tambaya. Idan jarumi ya fito sai a saki algaitar nasara. Idan mutanen daji suka fito sai a saki ganga mai ban tsoro. Yaro ba ya gardama da kiɗa.

Frantz Fanon, ɗan tsibirin Martinik, ya lura da haka a littafinsa na 1952 a kan baƙar fata da tunanin da mulkin mallaka ya dasa mata. Ya ce yaro baƙi a tsibiransu idan yana kallon Tarzan, yakan ɗauki kansa Tarzan ne, yana murna ana fatattakar baƙaƙe, sai ranar da ya kalli fim ɗin a Turai cikin Turawa sannan zai ga idanun 'yan kallo sun ajiye shi a ɗaya ɓangaren. James Baldwin ya kawo irin wannan a muhawarar da ya yi a Jami'ar Kambirij a 1965, inda ya bayyana girgizar da yaro baƙi ke yi ranar da ya gane cewa Indiyawan dajin da yake tafa wa Gary Cooper yana karkashewa, ashe shi ne. Chinua Achebe ma ya faɗi cewa lokacin da yake ɗalibi yana karanta littattafan Turawa na yawon Afirka, bayan Bature yake bi, yana jin haushin mutanen da aka kira 'yan daji, kafin daga baya ya gane a wane jirgi aka sanya shi.

Waɗannan mutum uku ba daƙiƙai ba ne, suna cikin masu kaifin basirar ƙarninsu. Idan abin ya ratsa su suna yara, babu wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya tsira.

Hujjoji uku da amsarsu

Masu kare waɗannan shirye-shirye sukan kawo hujja uku. Ta farko ita ce, zamaninsu ne, kada a auna jiya da mudun yau. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayanta ba. A 1946 ɗin da aka fitar da Song of the South, ƙungiyar NAACP ta baƙar fatan Amurka ta soki yadda ya ƙawata zaman ubangida da bawa. James Baskett, baƙin da ya ja fim ɗin, bai halarci bikin fara nuna shi a Atlanta ba saboda dokokin wariya na birnin. A 1967 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata a Ingila ta kai wa BBC takardar koke a kan shirin masu shafa baƙi, amma aka ci gaba da shi har shekara 11 bayan nan. Ashe zamanin yana da murya biyu. Wanda ya ce a lokacin ba wanda ya ga laifi, abin da yake nufi shi ne ba a saurari waɗanda suka gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin sun faɗa tun ruwan bai yi nisa ba.

Hujja ta biyu ita ce, wasa ne, kuma wanda ba ya ɗaukar wasa ba ya zama da mutane. A nan mu Hausawa muna da ma'auni mai kyau, domin mun san wasa tsakanin ƙabilu. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, kowa yana yi wa ɗan'uwansa tsiya har ya kira shi bawansa, a yi dariya a rabu lafiya. A Jamhuriyar Nijar wannan al'ada ta samu shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2014. To me ya sa wannan wasa ba ya zama cin mutunci? Saboda sharuɗɗa uku ne. Kowa yana da bakin ramawa. Duka biyun suna tsaye a ƙasa ɗaya, ba wanda ke iya korar ɗaya daga makaranta ko kasuwa. Sannan a ƙarƙashin wasan akwai amana, ranar da abu ya samu ɗaya, ɗayan ne zai fara zuwa. Wasan shafa baƙi bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba. Mai dariya shi ke da dandali da kyamara da kotu da ɗan sanda, wanda ake yi wa dariya kuwa ba a ma bar shi ya shiga zauren ta ƙofar gaba ba. Wasan da ɓangare ɗaya ne kawai ke da izinin yi, sunansa ba'a.

Hujja ta uku ita ce, ba mu sani ba. Wannan kam gaskiya ce tsantsa, kuma a nan ne ya kamata a yi wa bege adalci. Yaron da ya yi tsalle da jin kiɗan Tom da Jerry bai yi laifin komai ba, kuma babban da ya tuna wannan tsalle ya yi murmushi shi ma bai yi ba. Ba a tuhumar mutum a kan abin da aka zuba masa a baki kafin ya iya tauna. Amma akwai bambanci tsakanin laifi da nauyi. Laifi yana kan wanda ya shirya abin yana sane. Nauyi kuwa yana hawa kan duk wanda ya gane, daga ranar da ya gane. Abin da mutum ya ji a ransa idan kiɗa ya tashi ba shi da iko a kai. Abin da zai faɗa idan wani ya ce abin ya yi masa ciwo, da abin da zai kunna wa 'ya'yansa, da yadda zai yi musu bayani, waɗannan duk zaɓinsa ne, kuma a kansu ake auna shi.

A zubar da tulun ne?

Akwai kuma masu cewa a tattara duka a ƙona. Su ma tarihi yana da abin da zai gaya musu. A 1968 an janye katun 11 na kamfanin Warner daga talabijin saboda munin abin da ke cikinsu. A shekarun 1960 kuma aka sake zana matar nan ta Tom da Jerry a wasu fitowar, aka mai da ita farar fata, aka sauya mata murya. Sakamakon haka shi ne an goge shaidar abin da aka yi, an kuma goge aikin Lillian Randolph, baƙar 'yar wasan da ta yi muryar tun asali. Wanda ya wanke wuƙa bai warkar da rauni ba, ya dai sa na baya ba za su san da me aka yi yankan ba.

Daga baya an gwada wata hanya. A 2005 Whoopi Goldberg ta yi jawabin share fage a faifan tsofaffin katun, inda aka bayyana cewa hotunan kuskure ne a jiya, kuskure ne a yau, amma an bar su yadda suke domin cire su tamkar cewa ne abin bai taɓa faruwa ba. A 2014 Amazon ya liƙa wa Tom da Jerry irin wannan gargaɗi, a 2020 kuma Disney ya yi wa Dumbo na 1941 da Peter Pan na 1953. Wannan hanya ta fi kusa da hankali, domin ta ɗauki mai kallo a matsayin baligi.

Duk da haka ba a yi wa duka kuɗin goro. Akwai inda ƙudan ke gefe, ana iya tsame shi a sha zuma, kamar Tom da Jerry wanda mafi yawansa guje-guje ne tsakanin kyanwa da ɓera. Akwai inda alama ce aka ɗora a kai, kamar tutar motar nan, wadda sai an yi wa yaro bayanin ma'anarta. Akwai kuma inda ba'ar ita ce abin dungurungum, kamar shirin BBC, wanda idan aka cire shafa baƙin babu abin da ya saura. Irin wannan wurinsa ɗakin adana tarihi da ajin nazari, kada ya shiga falon yara.

Wani abin lura shi ne, tatsuniyoyin zomo da ke cikin Song of the South, waɗanda Joel Chandler Harris ya tattara daga bakin baƙar fata ya buga a 1880, asalinsu yana komawa Afirka. Labarin zomon da ya maƙale a jikin 'yar tsanar kwalta ɗan'uwan labarin Gizo da 'yar danƙo ne, wanda Tremearne ya rubuta daga bakin Hausawa a littafinsa na 1913. Zumar kakanni ce ta tsallaka teku a cikin jirgin bayi, wasu suka zuba ta a tulunsu. Wanda ya ce a zubar da duka, har da gadonsa zai zubar.

Mu waiwayi gida

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun yi dariya har da hawaye a kan Mind Your Language, wanda aka fara a 1977, inda kowane ɗalibi yake ɗauke da tambarin ƙasarsa a ka, Ba'indiye da ɗan Pakistan kullum cikin faɗa, Bafaransa kullum cikin kwarkwasa. A Ingila an dakatar da shi a 1979 saboda shugabannin tashar sun ga ba'ar ta yi yawa, mu kuwa muka ci gaba da kallo shekara da shekaru, domin ba mu ne a kan allon ba.

A namu wasanni da littattafai fa? Sau nawa Bafulatani ke fitowa ba don a nuna wautarsa a birni ba? Sau nawa Bamaguje ko Bagware ko Buzu mai gadi ke fitowa a matsayin mutum mai tunani da iyali da buri? Sau nawa ɗan kudu ke buɗe baki ba don a yi dariyar Hausarsa ba? Kuma a littattafanmu na soyayya, me ya sa tauraruwa kusan kullum fara ce sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya kamar Balarabiya ko Ba'indiya, baƙa kuwa sai dai 'yar aiki ko muguwar kishiya? Yarinya baƙa mai shekara 13 da ta karanta irin wannan littafi guda 50, wane darasi ta ɗauka game da fuskarta? Mai sayar da man bilicin ya san amsar.

Ba mu rasa abin koyi a gida ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar tun 1934, ya kawo bauta da fataucin bayi ta hamada, amma bai mai da bawa abin dariya ba. Ya nuna uwa tana ratsa duniya tana neman ɗanta, har mai karatu ya ji ciwon a jikinsa.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ke nan. Mutum ya riƙe begensa, domin ƙuruciyarsa tasa ce, kuma murnar da ya yi ta gaskiya ce. Amma kada ya mai da begen garkuwa da zai tare bakin wanda abin ya ƙona. Idan ɗansa ya zauna kusa da shi suna kallon tsohon katun, matar nan marar fuska ta wuce da tsintsiya, ya dakata ya gaya masa ko wace ce, da dalilin da ya sa aka ɓoye fuskarta. Yaron zai ci gaba da dariyar kyanwa da ɓera, amma ya ƙaru da abin da mahaifinsa bai samu ba a shekarunsa.

Mu kuma masu riƙe da alƙalami, namu nauyin ya fi na mai kallo. Abin da muke rubutawa yau, na littafi ko na fim ko waƙar take, shi ne tsohuwar zumar wasu nan da shekara 40. Waɗanda suka zana Mammy Two Shoes ƙwararru ne a sana'arsu, kuma ƙwarewar ce ta sa abin ya daɗe. Saboda haka kafin ka saki wani hali a takarda, ɗan'uwa marubuci, ka ƙaddara mutumin da ka kwaikwaya yana zaune kusa da kai tare da 'ya'yansa ana karanta musu. Idan zai yi dariya tare da kai, har ya samu bakin ramawa, to, ka yi wasa. Idan kuwa zai sunkuyar da kai yana satar kallon 'ya'yansa, sai ka ɗauki alƙalami ka sake.